Ƙirƙirarriyar basira: wa zai sa wa hukuma linzami?

Ranar 1 ga watan Agusta 2024, dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki. Dokar ta kasa na'urorin nan masu koyo da yanke shawara gida-gida, gwargwadon haɗarinsu. Ta haramta bai wa ƴan ƙasa maki bisa halayyarsu, ta kuma taƙaita amfanin ƴan sanda da kyamarori masu gane fuska a bainar jama'a. Kamfanin da ya taka waɗannan hane-hane yana iya biyan tara har Yuro miliyan 35, wato kusan miliyar 23 na kuɗin sefa, ko kashi 7 cikin 100 na cinikinsa na shekara.

Sai dai dokar ta bar wata ƙofa a buɗe: ba ta shafi ayyukan soja da na tsaron ƙasa ba. A nan ne gizo ke saƙa, domin sau da yawa wanda ke cutar talaka da na'ura shi ne mai riƙe da hatimin hukuma.

Holan ta shaida haka. Ma'aikatar harajin ƙasar ta yi amfani da wata manhaja wajen farautar masu zamba a kuɗin tallafin renon yara, manhajar kuwa tana ɗaukar zama baƙo a matsayin alamar rashin gaskiya. Aka tilasta wa dubban iyalai marasa laifi mayar da kuɗi, wasu suka tsiyace. Amma ƴan jarida sun tono maganar, majalisar dokoki ta yi bincike, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairu 2021, sannan hukumar kare bayanan jama'a ta ci ma'aikatar harajin tarar Yuro miliyan 2.75. Abin da ya ceci waɗannan iyalai shi ne samun inda za su kai ƙara.

A Afirka ma an shiga sahu. Ruwanda da Benin da Senegal sun fitar da manufofinsu a 2023, Tarayyar Afirka kuma ta amince da tsarin nahiya a birnin Akara a watan Yuli 2024, tana kiran kowace ƙasa ta rubuta nata. Takardun cike suke da alkawarin bunƙasa noma, lafiya da ilimi, kuma babu mai ƙin haka. Manomin Maraɗi zai so na'urar da za ta gaya masa ranar shuka da harshensa. Abin tsoro shi ne a kwafo ayoyin Turai, har da ƙofar tsaron ƙasa, a manta da masu gadin da suka sa dokar ta yi haƙori a can.

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Tana da ta kare bayanan mutum tun 2017. Amma a 2020 an kafa dokar da ta halatta sauraron wayoyin jama'a da sunan tsaro, a watan Yuni 2024 kuma aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet. Duk ƙasar da ta ɗora na'ura mai tantance muryoyi da fuskoki bisa irin wannan tushe, ta ba kura ajiyar nama.

Don haka manufar da ta cancanci sunanta sai ta fara ɗaure hannun mai rubuta ta. Wajibi ne a bayyana kowace manhaja da wata ma'aikata ta saya, da kuɗinta, da wanda ya sayar. Wajibi ne wanda na'ura ta hana wa aiki, ko tallafi, ko takarda, ya sami ɗan Adam da zai saurare shi, da alƙalin da zai iya soke hukuncin. Hukumar sa ido kuma kada naɗinta da albashinta su dogara ga wanda take sa wa ido. In babu waɗannan, talaka zai ci gaba da jin amsar da ya saba ji a bakin ofis, da ƙarin kalma ɗaya kawai: na'ura ce ta ce.