Injin Baba Ba Kayan Kilo Ba Ne

Shekara uku ke nan wani ƙarfe yana zaune a lungun gidanmu a Nima, lulluɓe da tsohon tamfol, kaji na hawa suna sauka. Bulok ne na injin Peugeot 504, abin da ya rage daga motar da marigayi mahaifinmu ya ciyar da mu da ita tsakanin Accra da Aflao. Gangar jikin tuni iskar teku ta cinye ta. Watan jiya Yayanmu ya kira wani yaro ɗan kondem, irin waɗanda a Kano ake kira 'yan jari-bola, ya zo da sikeli. Da ban dawo daga gidan rediyo da wuri ba, da yanzu ƙarfen nan yana Tema ana narka shi a yi rodin gini.

Washegari na kai maganar cikin shirina, ban ambaci gidanmu ba. Yawancin masu bugo waya bakinsu ɗaya: a sayar. To ni ban yarda ba, kuma a nan babu mai katse min layi.

Wai tsohon ƙarfe ne. Mai faɗin haka bai taɓa leƙa cikinsa ba. Injin 504 ba a yi shi don a jefar ba. Ramukan da fistin ke kai-komo a ciki ba a jikin bulok aka haƙa su ba, siliba ce ake zura wa, ana kuma zare ta. In ta cinye, sai fita ya cire ta ya sa sabuwa, da fistin da ringi, a wasa karanshaf, a sa sabon gasket, injin ya dawo kamar ango. Wannan shi ne garambawul na gaskiya, tun kafin 'yan siyasa su ara kalmar su lalata ta. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000. Injin da ya jure wannan tafiyar, shi za a ɗora a sikeli ɗaya da ruɓaɓɓen kwanon rufi?

Wani ya ce in dai inji nake so, in je Abossey Okai in ɗauki hom-yus, wanda 'yan Najeriya ke kira Beljiyam. Na san kasuwar, ina da abokai a ciki, ba kuma zaginsu nake ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: injin da aka yanko daga motar da wani Bature ya gama da ita, aka wanke shi da fetur yana ƙyalli, wa ya san tafiyar da ya yi? Farashinsa kuwa dala yake bi, sidi na faɗuwa yana tashi. Muna raina tsohon da muka san tarihinsa, muna biyan kuɗi mu sayi tsohon da ba mu sani ba, don kawai ya hau jirgin ruwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne masu cewa ai babu masu gyaran irinsa yanzu. Akwai su. Suna Kokompe, suna Suame Magazine a Kumasi, wasu ma suna nan bayan Maamobi, tsofaffi masu sauraron inji da kunne su gaya maka wane fistin ne ke ƙara. Aiki ne ba ma kai musu. Yaron da ke koyon sana'a a yau cire inji da ɗora inji kawai ya iya, domin abin da muke biya ke nan. Duk bulok ɗin da ya tafi Tema, wani yaro ya rasa damar ganin yadda ake buɗe inji a rufe. Gobe mu ne za mu hau rediyo muna kukan matasan Zango ba su da aikin hannu.

Ban ga laifin ɗan kondem ba, neman halalinsa yake, kuma tun da aka rushe musu Agbogbloshie a 2021 ba su huta ba. Laifin namu ne da muka kasa bambanta inji da ƙarfe.

Hujja ɗaya ce ta tsayar da ni, ita ce ta Yaya. Ya ce, "Kai da kake ta surutu, ƙarfen nan gado ne. Ƙannenka mata suna da haƙƙi a ciki, ba za su ci tarihi ba." Gaskiyarsa. Son da nake wa ƙanshin man injin Baba bai ba ni ikon riƙe rabon kowa ba. Amma haƙƙin magada shi ne a yi wa kaya kuɗin da ya dace da shi. Wanda ya sayar da lafiyayyen inji a farashin kilo, ya cuci magadan da yake cewa yana karewa. Har yanzu akwai masu 504, musamman a-kori-kura, da ke neman irin wannan bulok ido rufe.

Na ce masa, "Yaya, a kira fita ya yi masa kuɗi a matsayin inji, ni zan biya kowa rabonsa daga albashina." Sharaɗi ɗaya na amince da shi: a wanke shi, a gwada. In an samu ya tsage, ruwa na haɗuwa da mai, ni da kaina zan taya ɗan kondem ɗora shi a kura.

Ranar Asabar za mu kai shi Kokompe. Yaya ya ce zai biyo mu, kuma bai goge lambar yaron sikelin daga wayarsa ba.