Kamfani A Amurka, Mai Shi A Wurno

Kwanan baya na je gaisuwar mutuwa Wurno, watau Wurnon ƙasar Birnin Kudu, ba ta Sakkwato ba. Bayan an shafa fatiha sai wani saurayi, wanda na taɓa koya wa lissafi yana ƙarami, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, shawara na ke nema. Wani ya ce in na ba shi kuɗi zai buɗe mini kamfani a Amurka cikin mako guda, ba sai na je ba, kuma babu haraji." Na ce, "To, kai me ka ke sayarwa?" Ya ce zane ya ke yi wa mutane da kwamfuta, ya kan sami aiki daga Kano da Dutse, sau biyu kuma wani Bature ya taɓa ba shi aiki. Na ce ya dakata tukuna. Da na komo gida sai na ga maganar ta wuce ta mutum ɗaya, gama akwai irinsa da yawa tun daga Birnin Kudu har Gwaram, kuma wurinku za su zo neman shawara, ku malaman makaranta da akawuna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da fari dai, dillalin nan bai yi ƙarya duka ba. Lalle mutum yana iya zama a Wurno ya kafa kamfani a Amurka, bai taɓa hawa jirgi ba. Irin kamfanin da a ke nufi shi ne mai iyakar alhaki, wanda su ke kira LLC a taƙaice. Ma'anarsa, shari'a tana ɗaukar kamfanin kamar wani mutum dabam, mai sunansa da dukiyarsa da bashinsa. Idan ya karye, masu bin bashi sai su kama abin da ke cikinsa, ba su taɓa gonar mai shi ko gidansa. Ingila ta yi dokar iyakance alhaki tun 1855. Jihar Wyoming ta Amurka ita ce ta fara dokar LLC a 1977, jihar Delaware ta yi tata a 1992, kuma dukansu biyu ba su hana baƙo ba. Ƙasar Istoniya ma tun Disamba 2014 ta ke ba baƙi wani kati, wanda da shi su ke kafa kamfani a can ta intanet.

A ƙasashen Turai akwai wani jinsin ma'aikata da suka yawaita tun annobar korona ta 2020. Ba su da ofis sai kwamfuta a jaka, wata uku a wannan ƙasa, wata shida a waccan. Ni na kan kira su fataken kwamfuta. Tun da ya ke ba su da mazauni, sai su kafa kamfani a wuri ɗaya domin masu ba su aiki su san inda za su aika da kuɗi. Yaranmu kuwa ba su yawo, aikinsu ne ke yawo, amma matsalarsu ta zo ɗaya da ta waɗancan, watau hanyar karɓar lada. A 2014 PayPal ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa, amma ta biya kaɗai ban da karɓa, aka kuwa yi shekaru a kan haka. A 2016 kamfanin Stripe ya fito da wani shiri mai suna Atlas, inda baƙo zai biya dala 500 a kafa masa kamfani a Delaware. Saboda haka kada mu yi wa yaran nan dariya. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan al'amari kuwa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu fatake, sa'ad da su ke zuwa Gwanja sayen goro, ba su shiga Salaga ko Kumasi haka kawai. Kowane farke yana da fatoma, watau mai masauki. Shi ke ajiye kaya, shi ke nemo masu saye, shi ke tsaya wa baƙo gaban sarkin gari, sa'an nan ya cire la'adarsa. To, dokar Delaware da ta Wyoming sun wajabta wa kowane kamfani ya riƙe wakili mai adireshi a cikin jihar, wanda za a kai wa sammaci da takardun hukuma, a na biyansa kowace shekara. Fatoma ke nan ya sa kwat. Amma ku lura da abu guda. Ba mu taɓa jin farken da ya kama masauki a Salaga ba shi da kaya ko jaki ɗaya ba. Alhassan Ɗantata ya yi shekaru yana fataucin goro da gyaɗa kafin ya kai raƙuma 20 na kuɗin azurfa bankin Turawa da aka buɗe a Kano a 1929. Kaya ne suka riga takarda.

Yanzu bari mu yi lissafi, tun da da masu lissafi na ke magana. Kafa kamfani abu ne na rana ɗaya, amma ciyar da shi na kowace shekara ne. A 2025 Delaware tana karɓar dala 300 a shekara daga kowane LLC, a biya kafin 1 ga Yuni ta wuce, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wyoming tana karɓar dala 60 ko fiye. Ga kuɗin fatoma, ga na akawun da ya san dokar Amurka. A cikin shekarar nan ta 2025 dala ɗaya ta yi ta kai da kawowa wajen Naira 1,500. Watau dala 300 ta kama Naira 450,000, fiye da albashin wata shida na ƙaramin ma'aikaci, wanda aka tsayar a kan Naira 70,000 a 2024. Yaron da Bature ya ba aiki sau biyu rak, ina zai samo wannan?

Amma wannan ƙarami ne. Babban ramin shi ne wanda dillalai ba su faɗi. Tun daga shekarar haraji ta 2017, duk LLC da baƙo ɗaya ya mallaka, in dai kuɗi sun shiga tsakaninsa da mai shi, ko da kuɗin kafa shi ne, tilas ya aika wa hukumar harajin Amurka wata takarda mai lamba 5472, yawanci kafin 15 ga Afrilu ta wuce. Wanda bai aika ba, tararsa dala 25,000 ce, watau wajen Naira miliyan 37 da rabi bisa lissafinmu na sama. Ba a tambaya ko ka ci riba. Ba a kuwa karɓar uzurin cewa ba ka sani ba. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san hukuma ta kan yafe abu da yawa, amma da wuya ta yafe takardar da ba a cika ba.

Sai maganar cewa babu haraji. Gaskiya ne sau da yawa baƙon da ba ya aiki a cikin Amurka, ba shi da kanti ko ma'aikaci a can, Amurka ba ta karɓar harajin riba a hannunsa. Dalili kuwa shi ne, tana ɗaukar ribar kamar ta mai kamfanin ce kai tsaye, sai ya je ya ji da ƙasar da ya ke zaune. To, ina ya ke zaune? Wurno. Dattawanmu sun tuna da harajin kai da jangali na zamanin En'e, waɗanda Gwamna Abubakar Rimi ya soke a 1979, lokacin nan ƙasar Birnin Kudu tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Abin da aka soke ke nan, ba a soke harajin abin da mutum ya samu ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta ce mazaunin Nijeriya yana biya a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, sai dai Naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su. Har ma ta ƙara da cewa kamfanin da aka yi wa rajista a waje, amma daga Nijeriya a ke juya akalarsa, a na lissafa shi cikin kamfanonin Nijeriya. Ashe wanda ya gudu Wyoming don tsoron mai karɓar haraji na Dutse, ya tara wa kansa iyayengiji biyu ne maimakon ɗaya.

Akwai kuma maganar banki, wadda dominta aka yi wahalar duka. Takardar kamfani ba ta tilasta wa kowane banki ya buɗe maka asusu, kuma wanda ya buɗe yau yana iya rufewa gobe. A watan Yuli na 2024 Mercury, wanda samarin Afirka da yawa masu kamfani a Amurka su ke ajiya a wurinsa, ya sanar da mazauna ƙasashe da dama, har da Nijeriya, cewa zai rufe asusunsu a watan Agusta. Lokacin nan Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF, mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ta ke sa wa ido, tun daga Fabrairu 2023 har zuwa Oktoba 2025 da aka cire ta. Bankin bai dubi inda aka haifi kamfani ba, inda mai shi ke kwana ya duba. Wani dillali zai ce, ai sai a ari adireshin wani a can. Ku gaya wa yaranku wannan ƙarya ce gaban hukumar wata ƙasa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ku gaya musu kuma kamfani ba biza ba ne. Istoniya da kanta ta bayyana cewa katinta ba ya ba mutum izinin shiga ƙasar, balle zama.

Kada a ce na hana abin baki ɗaya. Akwai wanda ya cancanta. Paystack da Flutterwave, waɗanda samarin Ikko suka kafa, sun yi uwar kamfani a Amurka, domin masu zuba jari na can ba su yarda su sa dukiyarsu sai ƙarƙashin dokar da suka sani. A 2020 Stripe ya sayi Paystack. Haka kuma wanda yawancin masu ba shi aiki mutanen waje ne, kuɗi na shigo masa wata-wata, har wani babban abokin ciniki ya ce ba ya biya sai ga kamfanin Amurka, to, wannan farke ne mai kaya, ya nemi fatoma. Amma ya fara neman akawu masani, ya ware aljihunsa da na kamfani, gama wanda ya gauraya su kotu tana iya ɗage masa kariyar nan ta iyakar alhaki. Ran da ya gaji kuma ya rufe kamfanin bisa ƙa'ida, kada ya yar da shi kan hanya, domin kuɗin shekara ba su daina taruwa.

Sauran kuwa, su ne mafi yawa, ga ƙofa a gida. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa kamfani mai iyakar alhaki a Nijeriya, abin da a dā sai mutum biyu. Hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC, tana karɓar takardu ta intanet, ba sai an je Abuja ba. Da takardarta sai a buɗe asusun kuɗin waje a bankin gida. Mai sayen riɗi ko zoɓo a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, wanda ke burin kai kayansa ƙetare, shi ma rajistar gida ya ke bukata, da ta hukumar bunƙasa fitar da kaya, kuma tilas kuɗin kayan su komo ta banki cikin kwana 180. Takardar Wyoming ba ta fitar masa da ko buhu ɗaya daga tashar Ikko.

Ina kuma da magana da hukuma. A 1886 wani kamfani mai rajista a London, Royal Niger Company, ya sami izinin mulkin ƙasashen bakin Kwara, ribar tana tafiya inda rajistar ta ke. Yau 'ya'yanmu ne da kansu ke kai rajista waje, ba don ƙin gida ba, sai don hanyar biya ta gida ta yi musu ƙunci. Ya kamata Babban Banki ya sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a karɓar ladansu daga waje. Ya kamata Gwamnatin Jigawa ta sa a riƙa koya wa ɗalibai ma'anar kamfani da haraji kafin su bar sakandare, ta fara da tsohuwar kwalejin Birnin Kudu, wadda ta yaye Aliko Ɗangote. Ofishin haraji kuma ya zama wurin da yaro zai shiga ya yi tambaya ba da fargaba ba.

Ku kuma malamai da akawuna, duk wanda ya zo muku da wannan magana, ku yi masa tambaya uku. Wane ne ya ce ba zai biya ka ba sai kana da kamfani a waje? Nawa ka samu bara, nawa kamfanin zai ci bana? Wa zai cika maka takardun kowace shekara, ka kuwa san tarar wanda ya makara? In ya amsa duka uku da hujja, ku sa masa albarka. In ya yi shiru, ku nuna masa ƙofar gida, gama cinikin biri a sama ba ciniki ba ne.

Saurayin nan na Wurno na aika masa da amsa. Na ce ya yi rajista a gida, ya gyara aikinsa, ya riƙe littafin shiga da fita kamar yadda na koya masa. Ran da kayansa suka fi ƙarfin kasuwar gida, ni da kaina zan taya shi neman fatoma. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya tsare su daga dillalan banza, amin.