Fagen Ilimi: A Yi Lissafi Kafin a Jona

A wannan wata za mu ɗauko wani darasi daga aji mu kawo shi cikin gida, saboda wani abu da ya faru a unguwarmu. Wani maƙwabcinmu, ɗansa ya aiko masa da dutsen guga na lantarki daga Amurka. Da aka ga kan wayarsa bai shiga soket ɗinmu ba, sai wani yaro mai ƙwazo ya yanke shi ya ɗaura irin namu. Ana jonawa sai ƙauri da hayaƙi, dutse ya ƙone tun bai taɓa riga ko ɗaya ba. Jama'a suka ce tsautsayi ne. Mu kuwa muka ce lissafi ne ba a yi ba.

Abubuwa uku ake aunawa a wutar lantarki, kuma ruwan famfo zai taimaka mana mu gane su. Na farko ƙarfin turi, kamar yadda tanki mai tsayi yake tunkuɗo ruwa. Ana auna shi da bolt, harafinsa V. Na biyu yawan wutar da take gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da yake bin tiyo. Ana auna shi da amfiya, harafinsa A. Na uku turjiya, wato yadda abin da wuta take bi yake hana ta wucewa, kamar ƙuncin tiyo. Ana auna ta da om. Wannan suna daga Georg Ohm aka samo shi, wani malamin makaranta Bajamushe, wanda a shekarar 1827 ya bayyana dangantakar da ke tsakanin ukun nan.

Ƙa'idarsa ba ta da wuya: a raba bolt da amfiya, a sami om. Akwai kuma ta biyu, wadda take ba mu abin da muke kira cin wuta, mai harafin W: a ninka bolt da amfiya, a sami wat. Duk wanda ya riƙe biyun nan ya gama.

Bari mu gwada. A nan Nijar wutar gida bolt 220 ce. A juya dutsen guga na kasuwarmu, a ce an ga an rubuta 220V da 1100W. Idan muka raba 1100 da 220, za mu sami amfiya 5. Idan kuma muka raba 220 da 5, za mu sami om 44. Wato an ƙera shi da turjiyar da ta dace da wutarmu.

To, yanzu mu koma kan dutsen maƙwabcinmu. A jikinsa 120V da 1200W aka rubuta, domin wutar gidajen Amurka bolt 120 ce. Idan aka raba 1200 da 120, amfiya 10 ke nan. A raba 120 da 10, om 12 ke nan. Wannan turjiya tana cikin ƙarfen dutsen, sauya kan waya ba ya taɓa ta. Da aka ba shi bolt 220, sai wutar da ta bi ta cikinsa ta zama 220 a raba da 12, wato amfiya 18 da ɗoriya. A ninka wannan da 220, an sami wat 4,000 da ƴan kai. Abin da aka ƙera don wat 1,200 ya sha fiye da ninki uku. Ina zai kai? Da an karanta lambobin nan, da an nemo masa taransifoma mai rage ƙarfin wuta, wadda za ta iya ɗaukar wat ɗinsa.

Wannan asarar dutse ɗaya ce. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wayar ƙari mai ramuka da yawa, wadda ba gidan da babu ita. Da yawa daga cikinsu amfiya 10 aka rubuta musu, wato a wutarmu iyakarsu wat 2,200. Sai uwargida ta jona butar dafa ruwa mai wat 2,200, ɗiyarta kuma ta jona dutsen guga mai wat 1,100. Jimla wat 3,300. A raba da 220, amfiya 15. Ramukan ba su cika ba, amma wayar ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta.

A lura, ita ma waya tana da tata turjiyar, kuma siririya ta fi mai kauri. Zafin da take yi kuwa ba ya tafiya kai da kai da wutar: idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Daga 10 zuwa 15 kawai, zafin ya haura ninki biyu. Roba ta narke, tagulla ta taɓa ƴar'uwarta, ga tabarma ga labule, ga iskar hunturu. Haka gobara take tashi alhali kowa yana barci.

Don hana wannan aka yi fiyus. Waya ce siririya da aka shirya don ta tsinke idan amfiya ta wuce kima. Wanda ya ga fiyus yana yawan tsinkewa, ya cire shi ya cusa tagulla mai kauri ko takardar kwalin taba, ya kori mai gadi ne don ya cika ihun ɓarawo. Haka ma wanda makunnin kariya na mita yake yanke masa wuta, yana ta mayarwa bai rage kaya ba.

Saboda haka muna roƙon iyaye su sa yaransu ƴan makaranta su zagaya gida da takarda da alƙalami, su rubuta wat ɗin kowane abu, su raba da 220, su gwada da lambar da ke jikin wayar ƙari da fiyus. Kayan zafi, irin su buta da dutsen guga da hita, a jona kowanne shi kaɗai a soket ɗin bango. Gyaran waya kuwa a bar wa masu sana'ar.

Ga aikin gida: hita mai wat 1,760 a wutar bolt 220, amfiya nawa take ja, kuma om nawa ce turjiyarta? Za mu kawo amsa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu da gobara, amin.