Motar lantarki: mu fara daga kabu-kabu da adaidaita

Ƴan kasuwa maza da mata, yau muna so mu tattauna da ku a kan wata haja da yawancinku ba ku kasa ta, amma kuɗinta na cikin duk abin da kuke saidawa, wato man fetur. Tiyar hatsin da aka kawo daga ƙauye, buhun albasar Galmi, kwandon tumatir na Jiratawa, kowanne sai da ya hau mota ko babur kafin ya iso rumfa. Ranar da mai ya tashi, direba ya ƙara kuɗin lodi, mai injin niƙa ya ƙara, ɗan kabu-kabu ya ƙara, mai saye kuma ku yake kallo da idon zargi, ya ce kun cika son riba.

Kamar yadda kowa ya sani, ƙasarmu ta shiga sahun masu haƙo mai tun 2011, lokacin da rijiyoyin Agadem suka soma aiki, aka kuma buɗe matatar SORAZ a jihar Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana. A 2024 aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya kai bakin teku a ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000. A shekarar kuma gwamnati ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499, dala ɗari ke nan ba tamma guda. Sai mutum ya zaci mun huta da zancen mai.

To amma shekara da shekaru, yawancin baburan Maradi, Ƙonni da Damagaram ba man SORAZ suke sha ba, man Najeriya ne na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke saidawa a bakin hanya, don ya fi araha. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya bayyana janye tallafin mai, kuɗin lita a can ya ninka har sau uku cikin ƴan kwanaki. Araha ta ƙare, kowa ya juyo gidajen mai, matatar kuwa ba ta ƙara girma ba. A watan Maris na 2025 muka ga sakamakon: layi a gidajen mai tun daga Yamai har cikin jihohi, direbobi na kwana a mota, kayan gwari na lalacewa saboda rashin abin hawa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shi ya sa idan muka ji ana zancen motar lantarki, bai kamata mu ɗauke shi labarin Turawa ba. Ƙasar Norwe na da arzikin mai, amma a 2024 kusan 9 daga cikin 10 na sababbin motocin da aka saida a can na lantarki ne. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024, don ta gaji da zubar da kuɗin waje a kan fetur. Sai dai ƙasashen nan biyu na da abu guda da ba mu da shi: madatsun ruwa masu ba da wuta mai yawa. Ta Habasha da aka buɗe a 2025 a kan kogin Nilu ta zarce megawat 5,000. Tamu ta Kandaji, megawat 130 aka tsara mata.

Mu kuwa, ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Masu saida ƙanƙara da ruwan sanyi, da teloli, da masu walda, sun san abin da suka ɗanɗana. Idan muka bar babur mai shan man maƙwabta, muka koma mai shan wutar maƙwabta, to an gudu ne ba a tsira ba.

Ra'ayinmu shi ne mu fara daga ƙananan ababen hawa, mu kuma cika su da hasken rana. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga bakin teku za su daɗe suna shan gazuwal, wannan ba gardama. Motar lantarki ta shiga kuwa, mutum nawa ne cikinmu zai iya sayenta? Amma abin da ke kai uwargida kasuwa da asuba ya maido ta da dare, kabu-kabu ne da adaidaita sahu, da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Su ba su yin nisa, cikin gari suke zagaye, batirinsu kuma ba shi da girman na mota.

Ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A Kwatano da Lome, kamfanin Spiro ya zuba baburan lantarki ga ƴan haya, a Kigali ta Ruwanda kuma akwai Ampersand. Yadda suke yi shi ne, direba ba ya tsayawa jiran caji: in batir ya yi ƙasa, sai ya shiga rumfar canji, ya ajiye shi, ya biya, ya ɗauki cikakke, kamar yadda muke musanya tukunyar gas. Ko a Maiduguri, an ƙaddamar da motocin haya na lantarki a ƙarshen 2023. Mu yi lissafi irin na kasuwa: a ce ɗan kabu-kabu na ƙona lita 3 a yini, jika ɗaya da rabi ke nan, a wata jika 45, ban da juyen baƙin mai da sayen buji. Babur na lantarki ba shi da ko ɗaya cikin biyun nan. Ko rabin kuɗin ne ya rage a aljihunsa, iyalinsa za su gani a tukunya, fasinja ma zai iya neman ragi.

Wutar kuwa tana bisa kanmu. Tashar hasken rana ta Malbaza na aiki tun 2018 da megawat 7, ta Gorou Banda kusa da Yamai ta biyo baya a 2023 da megawat 30. A ƙauyuka, yara na neman na kansu da pano guda, suna cajin salula. Me zai hana rufin manyan kasuwanni da tashoshin mota su ɗauki irin waɗannan farantai, a ƙarƙashinsu a buɗe rumfunan canjin batir?

Akwai kuma wasu makamashi. SORAZ na fitar da gas, manoman rani da dama sun maida injinan ban-ruwansu suna aiki da shi, wasu sun koma na rana kacokan. Wannan abin ƙarfafawa ne. Amma masu cewa mu yi koyi da Burazil, wadda ke yin man mota da rake tun 1975, muna ce musu su yi hattara. Burazil na da ruwa da fili. Ƙasar da ta ga yunwar 2005 ba ta da gonar da za ta ba mota, gonarmu ta gero da dawa ce.

Ba mu ce abin ba shi da wuya ba. Kuɗin sayen babur ɗin ya fi na wanda muka saba, domin batir ne mai tsada. Zafin bazara na rage wa batir kwana. Makanikanmu ba su saba da shi ba tukuna. Ga kuma dubban matasa da ke ci da ruwa-ruwa, waɗanda dole a yi tunanin inda za su koma, rumfunan canjin batir da gyaran pano na iya ɗaukar wasunsu.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta sassauta kuɗin duwan a kan baburan lantarki da batiransu, ta sa ido kuma kada a maida ƙasar nan bolar tsofaffin batirai. Magadan gari su ware fili a kasuwanni. Makarantun koyon sana'a su horar da masu gyara tun kafin kayan su yi yawa.

Ku kuma manyan ƴan kasuwa masu zuwa Sin da Dubai, ku ne kuka cika ƙasar nan da babura da salula ba tare da jiran kowa ba. Ku kawo mai inganci, da kayan gyaransa, ku ba matasa su biya kaɗan-kaɗan. Iyayenmu mata masu adashi, ƙungiyar da ke iya haɗa kuɗin kayan ɗaki na iya haɗa na adaidaita guda da za ta riƙa ɗaukar kayan ƴan ƙungiya. In layi ya sake dawowa gidajen mai, hajarku za ta isa kasuwa a kan lokaci.