Hunturu Ya Shigo: Kula da Furanni, Kula da Yara

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, ga ƙura, ga bushewa, ga sanyin asuba. Duk wanda ya zaga GRA a nan Bauchi zai ga shukoki sun yi furu-furu. Mu nan ƙanƙara ba ta sauka kamar a Ingila. Bushewar iska ce ke kashe mana shuka, kamar yadda take fasa mana leɓe da diddige.

Shuka mai laushi irin na'a-na'a da 'ya'yan tumatir, a mayar da tukwanensu jikin katanga ta kudu ko yamma, inda iska ba ta dukansu kai-tsaye. A yi ban ruwa da safe, a rufe gindinsu da busasshen ganye ko buntun shinkafa don danshi ya daɗe. A riƙa wanke ƙurar ganye sau ɗaya a mako, domin ƙura na tare hasken da shuka ke haɗa abinci da shi.

Amma ba kowace shuka ke son ruwa da yawa ba. Kariya da bugenbiliya sun fi yin fure idan an rage musu ruwa, an bar su a rana. Yawan takin yuriya kuwa ganye yake ƙarawa, fure ya yi ƙaranci.

Uwargida, ga inda nake so ki natsu. Kariya, duk da kyan furenta, ruwan jikinta na ɗauke da sinadarai 'yan uwan digoxin, maganin zuciyar da ba ma bayarwa sai da takardar likita. Haka ma oliyanda. Yaro ya tauna, zai iya yin amai, bugun zuciyarsa ya rikice. Idan kin matso da tukwane baranda saboda iska, waɗannan biyun su zauna inda hannun yaro ba ya kaiwa. In hakan ta faru, kada a jira, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na ATBU, a tafi da reshen shukar.

Maigida kuma, don Allah kada a fesa fiya-fiya a kan ganyen da za a ci. Ruwan sabulu kaɗan ko jiƙon ganyen dogon yaro na rage ƙananan ƙwari.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.