Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Daga wakiliyar Ƙungiyar 'Yan Jarida a aji 3B



A wannan makon ina so mu tattauna a kan wani abu da babu shi a jadawalin darasinmu, ba a kuma rubuta makinsa a kati, amma yana iya hana ɗalibi mai ƙoƙari samun abin da ya cancanta. Wannan abu shi ne intabiyu, wato a zaunar da kai gaban mutum biyu ko uku, su yi maka tambayoyi baki da baki, su yanke hukunci a kanka cikin 'yan mintoci. A ra'ayina, mu 'yan makarantar gwamnati muna da ƙwaƙwalwa kamar kowa. Abin da ke kayar da mu shi ne ba mu saba buɗe baki a gaban manya ba. Wannan kuwa ba a koyon sa ana gobe intabiyu.

Wani zai ce ina ruwan ɗan ƙaramar sakandare da intabiyu, ai sai mai neman aiki. To ga misali. Akwai wani shiri mai suna TechGirls, na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, wanda aka fara a shekarar 2012, daga baya aka saka Najeriya a ciki. Ana zaɓen 'yan mata masu shekara 15 zuwa 17 da ke sha'awar kimiyya da fasaha, a kai su Amurka na 'yan makonni lokacin hutun makarantun can, wanda ya zo kusa da dogon hutunmu na damina. Ba a biyan ko sisi. Ana cika fom ta intanet, waɗanda suka tsallake kuma ofishin jakadancin Amurka ya yi musu intabiyu. Maza kada ku ce an bar ku a baya. An yi shirin YES, wanda ɗalibai maza da mata daga arewacin Najeriya suka yi karatun shekara guda a Amurka ta cikinsa. Akwai kuma makarantar African Leadership Academy da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu, wadda ta buɗe a 2008. Su ma ba sa ɗaukar ɗalibi sai sun ji ta bakinsa.

Yawancinmu a aji biyu da aji uku shekararmu 13 ko 14. Ke nan saura shekara ɗaya ko biyu mu kai shekarun nema. Wannan lokaci ya isa mutum ya koyi magana, idan ya fara yanzu.

Me ya sa nake cewa ba mu saba ba? Ku yi lissafi da ni. A ajinmu mun kai tamanin, darasi kuma minti 40 ne. Ko da malam bai ce uffan ba, ya bar mana lokacin gaba ɗaya, rabin minti kowa zai samu. Saboda haka abin da muka fi yi shi ne kwafar rubutu daga allo da amsa "Mun gane" baki ɗaya. Akwai ɗalibar da za ta gama zango guda ba a ji muryarta ita kaɗai ba, sai dai wajen amsa kiran suna. Ba laifin malamanmu ba ne, yawa ne ya yi yawa. Amma ranar intabiyu babu "baki ɗaya". Ke kaɗai ce a kan kujera.

Abu na biyu shi ne hadda. Hadda tana da amfani, da ita muka riƙe jadawalin sau da sunayen jihohi 36 da manyan biranensu. Sai dai idan aka ce mana za a yi intabiyu, abin da muka sani shi ne mu nemi wani yaya ya rubuta mana amsa da manyan kalmomin Turanci, mu haddace. Mai tambaya kuwa ya riga ya ji irin wannan amsa daga bakin yara da yawa. Da ya juya tambayar kaɗan, ko ya ce "Ba ni misali," sai hadda ta watse, mutum ya tsaya yana kallon silin.

Ku duba amsoshi biyu. An tambayi ɗalibai biyu dalilin da ya sa suke son shiga shirin. Ta farko ta ce tana so ta zama injiniya don ta taimaki ƙasarta ta ci gaba. Magana ce mai kyau, amma kowa zai iya faɗin ta. Ta biyu ta ce a layinsu duk damina ledojin ruwa ke toshe kwata, ruwa ya shiga gidaje, sauro ya yi yawa, ƙannenta su yi ta zazzaɓi. Ta ce ita da ƙawayenta sun taɓa yashe kwatar amma bayan mako biyu ta sake cika, don haka tana so ta koyi yadda ake sarrafa leda a mai da ita wani abu mai amfani. Wa kuke jin za a tuna da ita bayan an tashi? Ta biyu ba ta fi ta farko Turanci ba. Ta dai faɗi abin da ta gani da idonta, ta kuma taɓa da hannunta.

Wannan ya dace da abin da irin waɗannan shirye-shirye ke nema. A TechGirls, ana so duk wadda ta dawo ta yi wani aiki da zai amfani al'ummarta da abin da ta koyo. Don haka dole a so a san ko kin san unguwarku da matsalolinta. A nan kuwa babu wanda ya fi mu. Wadda ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin kuɗin awara tana da labari. Wanda ke gyaran tocila da rediyo a shagon yayansa bayan an tashi makaranta yana da labari. Wadda ke koya wa ƙannenta karatu da daddare tana da labari. Mu ne muke raina waɗannan abubuwa, muna ganin ba su isa a faɗa a gaban manya ba.

Sai maganar kunya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa idan babba yana magana a sunkuyar da kai, a sassauta murya, kada a yabi kai. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ni ba na cewa a yar da ita. Amma wanda bai san al'adarmu ba, idan ya ga kin sunkuyar da kai kina wasa da bakin hijabi, zai ɗauka ba ki san amsa ba ne, ko kina ɓoye wani abu. Kunya daban, tsoro daban. Za ki iya gaisawa da ladabi, ki jira a ba ki izinin zama, sannan ki ɗaga kai ki dubi mai tambaya, ki yi magana yadda zai ji ba sai ya ce "Ɗaga murya" ba. Faɗin abin da kika yi da gaske ba fahariya ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga abin da nake ganin kowannenmu zai iya farawa da shi tun yau, ba tare da kashe kuɗi ba.

Na farko, ka ware 'yan shafuka a bayan littafinka. Rubuta abubuwa uku da ka taɓa yi waɗanda kake jin daɗin tunawa da su. A kowanne ka faɗi me ya faru, me kai ka yi, me ya biyo baya. Kada ka haddace jimlolin. Ka riƙe labarin kawai, ka riƙa ba da shi kowane lokaci da kalmomin da suka zo bakinka.

Na biyu, ku haɗu ku uku lokacin tara. Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa, ɗaya ya saurara ya faɗi inda aka yi kyau da inda aka yi inda-inda. Tambayoyin ba ɓoyayyu ba ne: Ba mu labarin kanka. Me ya sa kake son wannan shiri? Wace matsala ce ta fi damun unguwarku? Yaya kake yi idan kun sami saɓani da abokin aiki? Me za ka yi da abin da ka koya?

Na uku, a yi wannan gwajin da Turanci, tunda da shi za a yi intabiyun. Idan kalma ta ɓace maka, ka nemi wata mai sauƙi. Gajeriyar jimla da aka gane ta fi doguwa da ta sarƙe. Kuma don Allah mu daina yi wa juna dariya idan wani ya yi kuskuren Turanci. Wannan dariyar ta rufe bakin mutane da yawa a makarantar nan.

Na huɗu, ka koyi cewa "Ban sani ba" da "Don Allah a maimaita tambayar." Babu abin kunya a ciki. Wanda ya ce ya karanta littafin da bai taɓa buɗewa ba, tambaya ɗaya za a ƙara masa asirinsa ya tonu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyar, ka san shirin da kake nema: wa ya shirya shi, a ina ake yi, me ake koyarwa. Ka tanadi tambaya ɗaya da kai ma za ka yi musu idan sun ba ka dama. Ka sanar da iyayenka tun kafin ka cika fom, domin babu inda za ka je sai da yardarsu. Idan ta waya za a yi, a yi caji tun da wuri saboda ana iya ɗauke wuta, a tanadi data, a nemi ɗakin da babu hayaniya. Duk wanda kuma ya ce ka ba shi kuɗi zai sama maka gurbi a shirin da aka ce kyauta ne, ɗan damfara ne, ka gaya wa malami.

Na san akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, 'ya'yan masu kuɗi da masu hanya ake ɗauka. Gaskiya ne masu nema suna da yawa, guraben kuma kaɗan ne, kuma ɗan makarantar kuɗi da ya saba muhawara da Turanci ya riga mu tashi. Amma idan muka ƙi nema, mun kayar da kanmu tun ba a busa usur ba. Wasu kuma za su ce jarrabawar BECE ce a gabanmu, ita ya kamata mu sa a gaba. Haka ne, sai dai wanda ya iya bayyana abu da bakinsa ya fi riƙe shi a kansa, don haka biyun ba sa karo da juna. Ko ba a ɗauke ka ba, ba ka yi asara ba. Bakin da ka horar yana nan tare da kai, za ka yi amfani da shi wajen neman tallafin karatu, da neman aiki, da yi wa likita bayanin ciwon kakarka a asibiti.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga shugabar makarantarmu da malamanmu. A ba mu minti 30 a mako, cikin lokacin kulob, don gwajin intabiyu. Teburi ɗaya da kujeru huɗu sun isa. Malamai biyu da babbar ɗaliba ɗaya su zauna a matsayin masu tambaya, a riƙa kiran ɗalibai biyar ko shida kowane zama, sauran su saurara. A fara da waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba, kada a bar wa 'yan muhawara su kaɗai. Muna kuma roƙon duk malamin da ya ga sanarwar irin waɗannan shirye-shirye ya kawo mana mu manna a wannan allo da wuri, tun kafin a rufe karɓar fom. Mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida mun ɗauki nauyin rubuta sunaye da jera kujeru.

Wanda yake son shiga, ya ba wakilin ajinsa sunansa kafin ranar Alhamis. Allah Ya buɗe mana ƙwaƙwalwa da baki, Ya saka wa malamanmu da alheri.