Filin Sana'a: Ɗinkin Kunya-Kunya Da Telolin Potiskum

Garin Potiskum na Jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu, wadda take cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Inda kuɗi ke yawo kuwa ba a rasa masu son ado, shi ya sa telolin garin ba su samun sukuni idan Salla ta gabato. Daga cikin adon da ake yi wa gaban kaftani da rigunan yara akwai wanda Turawa ke kira fintok, watau siraran layuka masu tudu, jere kamar kunyoyin gona.

Ana yin wannan ɗinki da wata ƙafar keke ta musamman mai tsagi a ƙarƙashinta, uku ko biyar ko bakwai, tare da tagwayen allura. Zare biyu ne ke saukowa daga sama, na ƙasa kuwa guda ɗaya ne. Shi na ƙasan yakan riƙa kai da kawowa tsakanin biyun, ya tsuke yadin har ya yi tudu. In an gama layin farko, sai a sa shi cikin tsagin gefe, shi zai yi wa na biyu jagora, tazara ta zo daidai ba tare da alli ba.

Yadi marar kauri irin boyel yana son ƙafa mai tsagi bakwai da allura mai tazarar milimita 1.6 ko 2. Mai ɗan kauri kuwa sai mai tsagi uku da tazarar milimita 4. Shadda mai sitati ba ta cika tashi ba sai an wanke ta. Idan tudun ya ƙi fitowa, a ƙara ɗaure zaren sama kaɗan.

To, amma akwai wurare biyu da ake yin hasara. Na farko, baƙin keken nan na ƙafa, irin Butterfly da tsohon Singer, ramin allurarsa ɗaya ne ƙarami, ba ya karɓar tagwaye. Wanda ya matsa, allura za ta karye. Aikin na keken zigizag ne. Mai baƙin keke sai ya ninke yadin, ya goge, ya bi dab da bakin ninkin da ɗinki. Zai samu adon, sai dai da jinkiri.

Na biyu, kowane layi yana cin faɗin yadi. Telan da ya yanka kafin ya jera layi ashirin, zai tarar riga ta matse mai ita a ƙirji, ga yadin mutane ya salwanta, ga amana ta zube. Saboda haka a fara adon tukuna, sa'an nan a auna, a yanka.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a taɓa yadin mai kaya, a gwada a kan ƙyalle irinsa. Allah ya ba da sa'a, amin.